Inda Titin Ya Lanƙwasa

Litinin

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara, da surukarka Iya. Sau huɗu na kira wayarka a makon nan. Sau biyu ba ka ɗauka ba, sau biyu ka ɗauka kana ta "iye? iye?" har na gaji na kashe. Tunda kunnen ya ƙi, kai kuma ka ƙi asibiti, na koma takarda. Zan riƙa ba direban bas ɗinku na safe ya miƙa maka a tasha.

Ga abin da ya sa nake nemanka. Nan da wata biyu babban titi zai cika shekara hamsin, kuma gidan tarihin da nake aiki zai yi nuni a kansa: yadda birni yake kafin a yanka titin, unguwannin da aka rushe, da sababbin unguwannin bayan gari da aka kwashe mutane aka kai. An ba ni ɗaki guda, na tsohuwar unguwarmu. Na ce "tamu" ne don ladabi kawai, tunda ni a bayan gari aka haife ni, ban taɓa ganin ta ba sai a bakinku.

Muna da hotuna da taswirori. Abin da ba mu da shi kayan mutane ne. Ka tambayar mini mutanen layi ko akwai wanda ya ajiye wani abu daga can, ko da marfin tukunya ne. Za a rubuta sunan mai shi, a mayar masa bayan wata uku. In akwai takardun Baba na aikin safiyo, su ma ina so, tunda yana cikin waɗanda suka auna titin.

Akwai kuma allo guda da Darakta ya ɗora mini, na lanƙwasar nan da ke bayan gadar jirgi. Ka san titin miƙaƙƙe ne kamar zare tun daga tsakiyar birni har ya fita, in ban da wurin nan. Na tara bayani iri uku a kai. Wasu sun ce tsohuwar rijiya ce aka kauce wa, wasu sun ce gidan wani mai hannu da shuni ne, wasu kuma sun rantse katafila uku suka mutu a wurin rana guda, injiniyoyi suka ji tsoro suka kewaye. Darakta na katafilar yake so, ya ce shi baƙi za su fi ɗauka a hoto. In kana da na huɗu, ka aiko.

Ka gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Auta


Laraba

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, ta sha man inji a aljihun direba amma ta karantu. Kunnena lafiyarsa ƙalau. Ku ne kuka koma magana ciki-ciki tunda kuka zama manyan ma'aikata.

Jiya da yamma na karanta wa mutanen layi ita a ƙofar gidan Tela, kin kuwa tsokano su. Tela ya ba da lambar ƙofarsu ta da. Gidan Mai Burodi sun ba da katakon da babansu ke zaro burodi da shi. Iya ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da makullin tsohon gidansu a ƙulle a bakin zani. Ta ce a kula mata da shi, a dawo mata da abinta. Na ce, "Iya, ina ƙofar da za ki buɗe da shi?" Ta ce, "Ina ruwanka, ɗan nema."

Tunda ke ba ki gani ba, bari in ba ki na rubutawa. Ina da shekara takwas aka kawo mu nan a bayan manyan motoci. Fili ne fetal, ba ruwa, ba inuwa, bas ɗaya ke zuwa da safe ya koma da yamma. Hukuma ta so a yi ƙuri'a a raba filaye, kowa ya faɗa inda ya faɗa. Baba ne ya yi ta sintiri a ofis har aka yarda kowa ya zauna kusa da maƙwabcinsa na da. Shi ya auna wa kowa filinsa a ranakun hutunsa, ko ruwan sha bai karɓa ba. Shi ya sa har gobe muke cewa "gidan bakin famfo" alhali ba a taɓa kafa famfo a wurin ba, can ne yake bakin famfo. 'Yan birni suna mana dariya, wai mu 'yan ƙauye ne masu hawa bas da guzuri. Mu kuwa mun san kakanninmu ne suka haƙa harsashin garin da suke taƙama da shi.

Layi ya yanke shawara, ba ni na kawo ta ba: a sa hoton Baba babba a tsakiyar ɗakin. Na ciro wanda ke falo, Antinki ta goge gilashin da hannunta. Ga shi nan tare da akwatin ƙarfensa da ke ƙarƙashin gadon marigayiya Umma. Tun rasuwarsa ban buɗe ba, ƙurarsa tari take sa ni.

Maganar lanƙwasa kuwa, shekara ashirin da biyu ina karya kan bas a wurin kafin a zaunar da ni a teburin tasha. A nan ake gane sabon direba, don sai ya zubar wa fasinja kaya. Ni na katafilar na yarda da shi. Ki ba Darakta abin da yake so ki huta.

Antinki na gaishe ki, ta ce kin yi wuyar gani.

Yayanki


Asabar

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Kaya sun iso ba abin da ya fashe, a yi wa mutanen layi godiya. Wannan takardar kada ka karanta ta a ƙofar gidan Tela. Ka karanta kai kaɗai.

Masu awon titi suna da littafin da suke rubuta aikin kowace rana, da fensir. In littafi ya cika sai a mayar ofis. A ma'ajiyarmu akwai na babban titi guda talatin da ɗaya, an jera su da lamba, na goma sha bakwai ne kawai babu. Na same shi a ƙasan akwatin Baba, a naɗe cikin tsohuwar rigar aikinsa.

Zan yi maka bayani yadda wani injiniya da muke aiki tare ya yi mini, ba tare da na gaya masa littafin wane ne ba. Kafin a ja layin titi, akwai dutsen safiyo, wato ɗan siminti da aka binne a ƙasa da ƙusa a tsakiyarsa. Dole mai awo ya kafa na'urarsa daidai kan ƙusar nan, daga nan ya saita layi, a bi ana kafa turaku. A shafi na shida, da rubutun Baba, ga abin da ke ciki: "Dutse yana ƙarƙashin teburin tsohuwa mai sabulu. Ba a ɗaga ba. An kafa a ƙafar tebur ta gabas."

Tsakanin ƙusar da ƙafar teburin taku ɗaya da rabi ne. Amma da wannan ya saita layin, sai ya ɗan karkace, kuma karkatar tana ƙaruwa ne da nisa. Bayan kilomita guda ta kai faɗin gida biyu. Ana sauri a lokacin, katafila tana bin turaku da tazarar kwana biyu kacal. Wata ƙungiyar masu awo ta taso daga ɗaya ƙarshen, da suka iso bayan gadar jirgi sai layukan biyu suka ƙi haɗuwa. An riga an yi rusau. Injiniyoyi suka zana lanƙwasa suka haɗe su, suka rubuta a rahoto cewa yanayin ƙasa ne ya jawo.

Na ɗora taswirar farko a kan ta ƙarshe a jikin taga. Gidanmu yana kan layi ko ta yaya, da ma zai tafi. Amma akwai gida goma sha uku da ba sa cikin taswirar farko, kuma an rushe su. Na Tela yana ciki. Na Mai Burodi yana ciki. Na su Anti shi ne na tara.

A shafi na arba'in Baba ya sake lissafin da kansa, ya sami kuskuren, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar. Bai rubuta komai a gefe ba. Shafukan da suka rage farare ne.

Ban gaya wa Darakta ba tukuna. Nan da kusan mako uku za a kai rubutun alluna wurin bugawa. Ban san me zan ce maka ba bayan wannan.

Ƙanwarka,
Auta


Litinin

Auta,

Na ga takardarki. Ki naɗe littafin nan cikin rigar da kika same shi, ki ba direba ya dawo mini da shi gobe. Aro na ba ki, ba kyauta ba.

Ni ban yi karatunku ba, amma na san taku ɗaya da rabi ba ya cinye gida goma sha uku. Injiniyan naku shekararsa nawa? An haife shi lokacin? Mutum yana zaune ƙarƙashin fanka yana gyara wa waɗanda suka sha rana aikinsu. In ma haka ne, ina manyan da ke saman Baba? Wa ya ce katafila ta bi turaku kafin a duba? Su sun rubuta yanayin ƙasa sun yi ritaya da mutuncinsu, sai ke 'yar cikinsa ce za ki rataye shi a bango.

Ke kina birni, in kin kulle ofis kin shiga gidanki ba wanda ya san sunan ubanki. Ni a layin nan nake kwana nake tashi. In an yi rasuwa ni ake kira, in an yi rigimar iyaka ni ake kira, ba don wayona ba, don ni ɗan Safiyo ne. Matata 'yar gida na tara ce, kamar yadda kika ƙidaya. Uwarta tana ɗakin da ke kallon nawa. Kin yi tunanin da wane ido zan dube su?

An ce ki tara tarihi, ba a ce ki tona asirin gidanku ba. Katafila uku sun mutu, kowa ya yarda, ba wanda abin ya taɓa cutarwa. Ki bar shi haka.

Ban gaya wa kowa ba, kuma ba zan gaya ba. Raina a ɓace yake, gara ki sani.

Yayanki


Juma'a

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da ba ka amsa ba. Littafin ban ba direba ba. Ba naka ba ne, ba nawa ba ne, akwai hatimin ofis a bangonsa. Amma ban sa shi a jerin ba tukuna, yana cikin jakata.

A kowane shafi akwai sunan wanda ya riƙe wa Baba sandar awo. Na bincika na same shi da rai, a wata unguwa can bayan masana'antu, bas biyu daga nan. Ya tsufa ƙwarai, amma kansa garau. Da na ce ni 'yar Safiyo ce sai ya sa aka kawo mini kujera daga maƙwabta. Da na fito da littafin bai karɓa ba, ya dai dube shi daga nesa ya ce, "Ashe bai ƙona shi ba."

Na tambaye shi me ya hana a ɗaga teburin. Ya ce, "'Yata, ke ba ki san tsohuwar nan ba. Ƙawar kakarki ce. Ita ta goyi babanki lokacin da kakarki ke jinya. Mun zo da sassafe ta riga ta jera kayanta, sabulu, ashana, allura, kyandir, komai a wurinsa. Tana ganin sa da hular aiki ta kama guɗa, tana cewa jama'a ku zo ku ga ɗana ya zama ma'aikaci. Ta ciro sabulu guda ta tura masa a aljihu. To ki gaya mini, da wane baki zai ce Inna kwashe kayanki? Na ce masa, Oga, in yi mata magana? Ya ce bar ta, taku ɗaya ne, zan cire shi a lissafi."

Na ce, bai cire ba? Ya ce, "Ya cire na tsawo, ya manta na karkata. Da baƙo aka turo unguwar nan, da ya ture teburin da ƙafa, titi ya miƙe."

Ya ce ranar da layuka suka ƙi haɗuwa Baba ya je wurin babban injiniya da littafin a hannu. Mutumin ya ƙi buɗewa, ya ce masa bai ga littafi ba, kada kuma ya sake ganin sa. Don haka abin da ka faɗa game da manya gaskiya ne, kuma zan rubuta shi. Na tambaye shi me ya sa Baba bai goge layin nan na shafi na shida ba, tunda fensir ne. Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce mai awo ba ya gogewa, in ya yi kuskure sai ya ja layi ɗaya a kai yadda na baya zai iya karantawa. Wai da a ce masa ya goge, gara a ce ya yanke yatsa.

Na rubuta allon iri biyu, suna kan teburina. Ɗaya na katafila, ɗaya na shafi na shida. In na kai na katafila, na san ƙarya na rataya a ɗakin da aka ba ni amana, da makullin Iya a ƙarƙashinta. In na kai ɗayan, kai zan jefa a wuta, ni ina gefe. Ba zan kai shi ba sai da sanin mutanen gidanka. Saura kwana goma sha biyu.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta


Alhamis

Auta,

Salamu alaikum. Kwana shida ban ba ki amsa ba, ina sane.

Ran Talata wani direba bai zo ba, na karɓi motarsa na yi sawu ɗaya zuwa birni, abin da rabona da shi shekara bakwai. Da na iso bayan gadar jirgi na rage gudu fiye da yadda ake ragewa, har na baya suka dame ni da ham. Na dubi hannun hagu. Shagon sayar da taya ne yanzu da wurin wankin mota. Na yi ƙoƙarin in gane inda ƙofar su Antinki take, ban iya ba.

Akwai abin da na tuna. In zan kai Baba karɓar fansho a motata, kullum sai ya sauka a tashar da ke kafin gada, ya ce yana son ya miƙe ƙafa. Ya bi ta lungu ya tare ni a gaba. Shekara da shekaru ina masa tsiya, ina cewa tsoho ba ya yarda da tuƙin ɗansa.

Abin da ba ki sani ba game da gida na tara shi ne, baban Antinki makaniken keke ne, shagonsa a zauren gidan yake, duk masu zuwa kasuwa ta ƙofarsa suke bi. Da aka kawo shi nan babu mai keke sai mutum uku. Ya riƙa zama a ƙofar gida da kayan aikinsa a shimfiɗe tun safe har yamma. Shekara biyu ya yi a haka ya kwanta, bai tashi ba. Baba ne ya tsaya a kan komai nasu daga ranar. Ni da na taso ina ganin haka, na ɗauka halinsa ne kawai.

Yanzu ga halin da nake ciki. In ta kawo mini abinci ba na iya haɗa ido da ita. Ta tambaye ni sau biyu ko wani abu ya faru a tasha. Jiya ta tsaya tana kallon ƙusar da hoton Baba yake rataye a da, ta ce falon ya yi mata wani iri, Allah ya sa ku dawo da shi da wuri. Na tashi na fita.

Ban ce kin yi daidai ba. Har yanzu ina ganin da kin bar akwatin nan a rufe da ya fi mana. Amma shekara talatin da ɗaya ban taɓa ɓoye mata abin da ya kai kwana biyu ba, wannan kuwa ya kusa mako biyu. Gobe in yara sun fita zan ba ta takardunki duka ta karanta da kanta, don ni bakina ba zai iya ba. Abin da ta ce shi za a yi. Ki yi mini addu'a, tsoro nake ji.

Yayanki


Lahadi

Auta,

Assalamu alaikum. Antinki ce. Ina fatan kina lafiya, ya aiki. Ki yi haƙuri da rubutuna, na daɗe ban riƙe biro ba sai in zan sa hannu a takardar makarantar yara.

Yayanki ya ba ni takardunki ran Juma'a, ya koma bakin ƙofa ya tsaya kamar wanda ya zo neman aiki. Na karanta su sau biyu. Sannan ya faɗa mini abin da shi ya rubuta miki, har da cewa ki dawo da littafin a rufe maganar. Wannan ya fi ɓata mini rai a ranar. Tun daga lokacin ban ce masa komai ba sai gaisuwa. Zan yi masa magana, amma ba yau ba.

Shekarata shida da aka rushe gidanmu. Abin da nake tunawa kaɗan ne: ƙamshin man keke a zaure, da wata taga da nake leƙen masu wucewa. Baba Safiyo kuwa na san shi fiye da yadda na san mahaifina. Shi ya riƙe hannuna ya kai ni makaranta ranar farko. Shi ya gyara mana rufi duk damina. Da zan auri yayanki ya kira ni gefe ya ce, in ya ɓata miki, wurina za ki kawo ƙara, ke ce tawa kafin shi. Kwana biyu ke nan ina ɗauko waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya ina dubawa, ina tambayar kaina, wannan don ni ya yi ko don turakun nan? Ban sami amsa ba. Ina jin haushinsa, kuma ina kewarsa, duka a lokaci guda.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne katafila. Mahaifina ya mutu yana cewa ƙaddara ce, titi ya zo ta kansa. Iya ma haka take faɗa har yau. Ba zan je in tsaya ina kallon baƙi suna ɗaukar hoton labarin aljanu suna dariya a kan zauren ubana ba.

Ki rubuta na shafi na shida. Amma ga sharaɗina. Sunayen masu gidajen nan goma sha uku su zo da manyan baƙaƙe, da sana'ar kowa. Ki sa maganar babban injiniyan da ya ƙi buɗe littafi. Hoton Baba kuma ya zauna inda layi ya ce a sa shi, kada ki rage girmansa, kada ki mayar da shi lungu. Ki buɗe littafin a gabansa. Wanda ya zo ya ga duka biyun.

Mutanen layi yayanki ne zai tara su ya gaya musu kafin ranar, na faɗa masa wannan aikinsa ne. Iya kuwa ku bar mini ita.

Ki gaishe da abokan aikinki.

Antinki


Laraba

Zuwa ga Anti,

Assalamu alaikum. Na gode, ban san yadda zan yi miki godiyar da ta dace ba. Na nuna wa Darakta littafin. Ya ce ya fi son na katafila, amma ba zai hana ba tunda akwai hatimi. Jiya aka kai wurin bugawa. Ga abin da ke saman sunayen:

"A nan titin ya lanƙwasa saboda kuskuren awo. Mai awon ɗan unguwar ne. Ya ji nauyin ya tashi tsohuwar da ta goye shi daga kan dutsen safiyo, ya kafa na'urarsa taku ɗaya da rabi daga inda ya kamata. Ya gano kuskuren bayan an yi rusau, ya kai wa shugabansa, aka ƙi dubawa. Gidaje goma sha uku da ba sa kan layi sun tafi. Shi ne mutumin da ke cikin hoton nan, kuma shi ya auna wa masu gidajen filayensu a bayan gari."

Ran Asabar ta sama za a buɗe, ƙarfe goma na safe. Yaya bai rubuto ba. In ya tara mutanen layi, ki sanar da ni yadda aka ƙare.

Ƙanwarki,
Auta


Laraba

Auta,

Wa alaikumus salam. Yayanki zai tara layi ran Juma'a da yamma. Yau kwana uku yana maimaita abin da zai faɗa a bayan gida, ina jin sa ta taga.

Ina neman alfarma. Ki roƙi Darakta ya bar mu mu shigo ran Juma'a da safe, kafin a buɗe wa kowa, ni da Iya kaɗai. Na gaya mata za mu je ta ga inda aka ajiye makullinta, tun jiya take zaɓen zanin da za ta ɗaura. Gara ta ji daga bakina kafin ta ji a bakin layi.

Ki tanadar mata kujera mai hannu a gaban allon, ba ta iya doguwar tsayuwa. Idonta ba ya ganin rubutu yanzu, ni zan karanta mata. Ki tsaya kusa, amma in kin ga na yi shiru a tsakiya, kada ki taimake ni. Ki bar ni in ƙarasa da kaina.

Sai mun zo.

Antinki